Sintiri a Filin Kamfani

Rana ba ta gama leƙowa ta bayan dogon bututun hayaƙin tsohon kamfanin takarda ba, Gordy Kuchinski ya fasa gwangwanin giyarsa na farko. Darla, matarsa, tana durƙushe gaban murhu tana fifita gawayi da yagaggen kwali. Ta ji 'yar ƙarar buɗewar gwangwanin a bayanta, ba ta ko waiwaya ba.

"To, an buɗe kasuwa!" in ji Gordy, ya ɗaga gwangwanin sama.

Daga motar da ke maƙwabtaka da tasu, Butch Lindquist, amininsa tun suna samari a kamfani, ya ɗago nasa.

"Ka makara, tsoho. Ni tuni na yi nisa."

"Ƙarya kake, ɗan nema. Matarka Noreen ba za ta bar ka ba."

"Noreen tana cikin mota tana neman safar hannunta. Kafin ta gan ta na gama da kwali guda."

Filin Kamfani ya riga ya cika maƙil. Tun da aka rushe gine-ginen, aka bar bututun kaɗai, aka malala kwalta a wurin, nan mutanen Tamarack Falls suke ajiye motocinsu duk Asabar ɗin da ƙungiyar ƙwallon jami'a take wasa a gida. Kowa ya sauke murfin bayan a-kori-kurarsa, ya jera kuloli da kujerun naɗewa, ya kafa tuta mai ruwan goro da baƙi. Hayaƙin gashi ya gauraya da tururin bakin mutane, domin sanyin ƙarshen Nuwamba ya sauko da gaske, irin mai cizon kunne. Rediyoyi suna ta surutu ta ko'ina, wani ma har karensa ya sa wa rigar ƙungiya.

Shekara da shekaru wurinsu ɗaya ne, gindin turken fitila na ƙarshe ta wajen kogi. Sarkin Gashi ake ce wa Gordy a filin. Tsiran aladen da Darla ke fara dafawa da albasa kafin ya ɗora a wuta, har daga wancan gefen filin ake tattaki a zo ci, kuma bai taɓa barin wani ya wuce da yunwa ba. Wannan halin nasa ne ya sa ta aure shi, kuma har yanzu yana nan tare da shi.

A garin, duk wanda aka kama da buɗaɗɗen gwangwani a bakin titi tara ce ta hau kansa. Amma ranar wasa, a filayen motoci, doka takan kau da kai tun safe har a watse. Haka aka taso aka tarar. Sai bara, da wani mutum ya fito daga filin a buge ya hau kan wata mata da ke tsallaka titi da keken jaririnta, majalisar gari ta sake zama. Sabuwar dokar ta ce a sha, ba a hana ba, amma da zarar an take wasa a rufe kuloli, kuma 'yan sanda za su bi filayen mota-mota su tabbatar. Tun farkon kakar wasa ba a da wata hira a Filin Kamfani sai zagin wannan doka.

Hantsi ya ɗaga lokacin da wata 'yar sanda ta iso layinsu. Yarinya ce gajera, hular sanyi ta rufe mata goshi, a ƙirjinta an rubuta Moua.

"Barkanku da hantsi. Tunatarwa ce kawai, da an take wasa a rufe kuloli. Mai tikiti ya shiga, wanda ba shi da shi ya zauna ya sha lemo."

Gordy ya juyo da cokalin gashi a hannu.

"'Yan mata, shekarunki nawa?"

"Sun isa a ba ni rigar nan, Baba."

"To ni tun ba a haife ki ba nake shan giyata a gindin turken nan. A nan wurin da kike tsaye na yi aiki har kunnena ɗaya ya mutu. Yau ke ce za ki gaya min lokacin da zan rufe bakina?"

"Ba ni na kafa dokar ba, Baba. Ni dai an ce in zagaya."

"Zagaya mana! Ki yi ta zagayawa har jiri ya kwashe ki."

Aka fashe da dariya, Butch har da buga cinya. Kunya ta kama Darla. Ta yi sauri ta sa tsire a cikin burodi ta miƙa wa yarinyar.

"Karɓi, 'yata, kada ki biye masa. Bakinsa ne kawai."

"Na gode, Mama, ina bakin aiki." Ta yi ɗan murmushi ta wuce mota ta gaba.

Darla ta bi ta da kallo. A ranta tana son dokar, amma ko Noreen ba ta taɓa gaya wa ba. Ita kaɗai ta san kwalaben da ke ɓoye a bayan gwangwanayen fenti a gareji, da yadda hannun Gordy ke rawa da safe har sai ya shiga can ya fito. A gida abin ciwo ne, tana rufa masa asiri. A nan kuwa, ranar wasa, ba wanda ke kiransa ciwo. Tafi ake masa.

Ɗansu Wade ya iso da abokansa, ƙato kamar ubansa, aikin rufin gidaje yake yi. Ya rungume uwarsa har ya ɗaga ta sama, sannan ya zaro gwangwani biyu daga kula ya jefa wa uban ɗaya.

"Baba, yau sai na kayar da kai."

"Kai ɗin? Ni na koya maka fa."

Suka huda gindin gwangwanayen da makullin mota, suka kafa baki, jama'a na ihu suna zuga su. Gordy ne ya riga gamawa. Ya matse gwangwanin ya jefar, kumfa na bin gemunsa, idonsa na ƙyalli kamar yaron da ya ci tsere.

Da aka fara jiyo badujala daga filin wasa, sai filin motoci ya rikice. Kowa ya shiga ɗirkar abin da ya rage masa kafin lokaci ya cika. Gordy ya laluba ƙarƙashin kujerar mota ya fito da kwalbar barasa.

"Tunda sun ce ba za mu sha da rana ba, sai mu sha rabon ranar tun yanzu. Butch, kawo kofinka."

"Gordy, ya isa haka," in ji Darla a hankali.

"Ke dai ki ji da albasarki, uwargida."

Mutane suka fara kwarara zuwa ƙofofin shiga. Wade ya bi abokansa. Gordy ya zauna daɓas a kujera, ya ce su yi gaba, zai kashe wuta ya biyo su. Darla ta san ma'anar wannan magana. Ta cusa masa tikitinsa a aljihun riga, ta ja masa zif har wuya, ta bi bayan Butch da Noreen.

* * *

A cikin filin wasa ba a jin maganar na kusa sai an ɗaga murya. Darla ta zauna, ta ɗora jakarta a kujerar Gordy. Noreen ta kalli kujerar ta yi dariya.

"Sarki yana hutawa a fada ke nan?"

"Kin dai san shi."

"Ƙyale shi ya yi barcinsa. Nawa ma da zai yi barcin da na huta da surutu."

Ƙanƙara ta fara sauka, siririya kamar gari. Yaran garin suka ci maki na farko, filin ya girgiza, Darla ta miƙe tana ihu tare da kowa. Abin da ba za ta iya faɗa ba shi ne, daɗi take ji. Duk lokacin da Gordy ya kwana a mota, takan samu 'yan sa'o'i ba ta gadin kowa, ba ta sauraron muryarsa don ta gane inda ya kai, ba ta ba wa na gaba haƙuri saboda ya zuba masa abu a wuya. Ta sayi koko mai zafi ta riƙe da hannu biyu tana jin ɗuminsa.

Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci lasifikar filin ta katse kiɗa.

"Ana neman Darla Kuchinski a ƙofar yamma. Darla Kuchinski, ƙofar yamma, don Allah."

Da farko ba ta gane sunanta ba ne. Sai da Noreen ta damƙi hannunta. Kofin ya suɓuce, kokon ya malale a kan takalmanta. Ta fara sauka matakala tana ture mutane, Butch na biye da ita yana cewa a ba su hanya, muryarsa ta washe kamar bai sha komai ba.

A ƙofar yamma wani dattijon ɗan sanda ne ke jiranta, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ganin hular a hannunsa ya sa ta tsaya cak.

"Yana da rai, Madam," ya yi saurin cewa. "Yana da rai. Motar asibiti ta tafi da shi. Zo in kai ki."

* * *

Likitar da ta fito ta same su a baranda ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce Gordy ya hau bayan mota ya ja tamfol ya rufa, ya kwanta rigingine. Cikin barci ya yi amai, aman ya koma masa maƙogwaro ya toshe numfashi, ga sanyi ya riga ya shige shi. Lokacin da aka same shi leɓunansa sun canza launi.

"Wadda ta same shi ta san abin da take yi. Da an ƙara ɗan jinkiri, da wata maganar muke yi yanzu."

"Wa ya same shi?" Darla ta tambaya.

"'Yar sandan da ke sintiri a filin."

Butch ya zauna a benci ya rufe fuska da tafukansa. Wade ya iso daga baya, har yanzu da fentin ƙungiya a kumatunsa, warin giya na tashi daga jikinsa. Ya tsaya a bakin tagar ɗakin yana kallon ubansa da robobi a hanci da baki, ya kasa shiga.

Sai washegari da hantsi Gordy ya buɗe ido sosai. An cire masa robar baki, muryarsa ta dishe kamar ana goga ƙarfe a dutse. Ya daɗe yana kallon silin, sannan ya juyo ya ga Darla a kujera da kayan jiya a jikinta. Ya motsa baki. Ta matso da kunnenta.

"Mun ci?"

Dariya ta kufce mata, mai ƙarfi, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Daga dariyar ta zarce da kuka. Ta kama babban hannunsa mai kanta ta kifa fuskarta a ciki, tana jin ɗuminsa, tana jin jijiya na bugawa a wuyan hannun. Ba ta san iya lokacin da ta ɗauka tana cewa "Na gode maka, Allah" ba.

Da ta ɗago ta share fuska, ta ce, "An cinye mu. Kai kuma saura ƙiris in binne ka a rigar ƙwallo."

"Darla..."

"Yi shiru, ni zan yi magana. Yarinyar nan da ka ce ta zagaya har jiri ya kwashe ta, ita ce ta sa yatsunta a bakinka ta kwashe amanka. Ni ina ciki ina shan koko. Butch yana ciki, ɗanka yana ciki, duk masu cin tsirenka suna ciki. Ba zan sake dafa albasa a filin nan ba, Gordy. In za ka koma, ka koma kai kaɗai."

Ya mayar da idonsa silin, hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shige cikin kunnen nan da ba ya ji.

* * *

Ranar da aka sallame shi, Darla ta dafa babbar tukunyar wake da niƙaƙƙen nama mai yaji, ta naɗe ta da tawul ta kai ofishin 'yan sanda. Ta ce tana neman Moua. Aka kira ta, ta fito ba hula, sai Darla ta ga ashe ta fi yadda ta zata yarinta. Kalia ne sunanta, Moua sunan gidansu ne.

Darla ta shirya maganganu tun daga gida, amma da ta gan ta sai duk suka gudu. Ta ajiye tukunyar a kan teburin karɓar baƙi ta rungume ta kawai. Yarinyar ta sandare, sannan a hankali ta ɗora hannu a bayanta.

"Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Ya ce in gaishe ki. Kunya ce ta hana shi zuwa, ya ce bai san da wane ido zai kalle ki ba."

"Haba, ai wanda ya fi shi zagi ma na ji ranar."

Suka zauna a benci. Darla ta ce ta ba ta labarin yadda aka yi, tana so ta ji komai.

"Ba wani abu ba ne, Mama. Na zo layinku na ga murhu yana hayaƙi ba kowa, kujera ta kife. Na kashe wutar, har na wuce. Sai na tuna an ce kowace mota a leƙa gaba da baya. Gaskiya sanyi ya ishe ni, ƙafafuna ba na jin su, na so in yi gaba abina. Na dai dawo. Da na leƙa sai na ga takalmi ya fito ta ƙarƙashin tamfol. Na ce, Baba, tashi, an take wasa. Shiru. Na ɗaga tamfol ɗin."

Ta murza yatsunta.

"Nauyi gare shi. Da ƙyar na juya shi ta gefe. Ina danna ƙirjinsa ina ce masa, ai ba ka gama zagina ba, tashi ka ƙarasa."

Suka yi dariya su biyu, Darla na goge ido da bakin mayafin wuyanta.

"Iyayenki suna garin nan?"

"Suna nan. Mahaifiyata tana sayar da kayan lambu a kasuwar Asabar."

"Ki gaya mata ta haifi 'ya. Ki ce wata tsohuwa ta ce ta gode."

Da za su rabu Kalia ta ce, "Kin ji za a sake duba dokar? Masu sayar da giya da masu tikitin shekara sun kai kuka majalisa. Wai sintirin yana kashe armashin ranar wasa. Mai yiwuwa baɗi ba za a tura mu ba."

* * *

Darla ba ta taɓa magana a gaban taro ba, ko a coci ba ta karatu. Amma ranar zaman majalisa ta sa rigarta ta zuwa biki ta tafi. Zauren ya cika da fuskokin da ta sani, rabinsu sun ci abinci daga hannunta. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi suna magana a kan al'adar gari da 'yancin mutum ya sha abinsa a bayan motarsa. Ana ta tafi.

Da aka kira sunanta zauren ya yi tsit. Ta riƙe bakin teburin.

"Ni ban iya magana ba. Kun san ni, kun san mijina. Ban zo in hana kowa shan giyarsa ba, ban isa ba, a gidana ma ban iya hanawa ba. Abu ɗaya na zo roƙo. In kun shiga kallon wasa, a bar wani a waje yana leƙa motoci. Shi ke nan. Mu duka muna ciki ranar, muna ihu. Da ba a tura yarinyar nan ba, da yanzu kun zo gidana da kwanukan abinci kuna ce min ya haƙuri."

Daga can bayan zauren wani ya ce, "Don mutum ɗaya bai san iyakarsa ba sai a takura wa gari?"

Kafin ta juya, Butch ya miƙe. Shi ne ya fi kowa zagin dokar duk kakar, kuma da masu adawa ya shigo.

"Kai, rufe mana baki. Ni na zuba masa na ƙarshe, kuma kai ma kana wurin kana tafi. Zauna."

Majalisa ta raba abin biyu. Aka ƙara lokacin sha har zuwa hutun rabin lokaci, masu giya suka fita suna murna. Amma sintiri ya tsaya, mota-mota, tun daga take wasa har a tashi. Darla ta fito ta tsaya a matakalar zauren tana shaƙar iska mai sanyi. Ba duk abin da take so ta samu ba, amma ta samu wanda ta zo nema.

* * *

Hunturu ya wuce da wahala. Gordy ya fara zuwa taron masu fama da shaye-shaye da ake yi a wani ɗaki a ƙarƙashin ginin coci. Akwai makon da ya koma gareji, ta same shi zaune a kan bokiti yana kuka da kwalba a hannu, ta zauna kusa da shi a ƙasa har ya miƙo mata ita da kansa. Daga nan bai sake ba. Ya rame, wandunansa suka yi masa yawa, ya koma shan kofi kamar ruwa. Da bazara ya shuka tumatir a bayan gida, ya hana kowa sakat da labarinsu. Kwandon farko da ya tsinka, shi da kansa ya kai wa Kalia ofis, ya dawo bai faɗi abin da suka ce wa juna ba, sai dai ya yi ta fito da baki a kicin. Tun daga nan takan biyo ta gidan wani lokaci in ta tashi aiki, ta ci abinci a tsaye ta wuce.

Wani lokaci da safe Darla takan tsaya a ƙofar kicin tana kallon bayansa yana wanke kofi, ta ji godiya ta cika mata ƙirji har sai ta nemi wurin zama.

Asabar ɗin wasan farko na sabuwar kaka ta zo da rana mai daɗi, ganyen bishiyoyi sun fara ja. Da sassafe Wade ya iso. Tasa motar ƙarama ce, ya zo aron ta uban da murhu da kujeru.

"Ba za a bar wurinmu ya tafi hannun baƙi ba, Baba. Kowa tambaya yake wa zai yi gashi bana."

Gordy ya taya shi ɗora murhun. Ya nuna masa ƙafar da ke girgiɗi da yadda ake tokare ta da dutse. Wade ya buɗe bayan motarsa ya fara kwaso kwalayen giya yana jerawa a motar uban, yana 'yar waƙar ƙungiya. Gordy ya tsaya da makulli a hannu yana kallon kwalayen.

"Wade."

"Na'am, Baba?"

Darla tana bakin ƙofa tana kallon mijinta. Ta san maganganun da ya tara duk tsawon watannin nan, ta ji yana gwada su shi kaɗai a cikin tumatir. Ta jira.

"In barci ya kama ka," in ji Gordy, "ka kwanta ta gefe. Kada ka kwanta rigingine. Kuma kada ka rufa da tamfol."

Wade ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa.

"Haba Baba, ni ai na san iyakata."

Ya karɓi makullin, ya sumbaci uwarsa a goshi, ya ja motar. Suka tsaya har ta sha kwana.

Gordy ya shiga ya kunna rediyo, ya zuba musu kofi, ya fito da kujeru biyu baranda. Darla ta zauna kusa da shi ta ɓangaren kunnensa mai ji. Ta ciro wayarta, ta nemo lambar Kalia, ta rubuta da yatsa ɗaya a hankali: Motar nan dai ce, a gindin turken nan. Yau ɗana ne a ciki. Don Allah ki leƙa min.

Ba a jima ba wayar ta yi motsi. Zan leƙa, Mama.

Ta kife wayar a cinyarta ta dafe da hannu. Gordy ya kurɓi kofinsa, ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo kaɗan. A kan titin gabansu motoci suna ta wucewa zuwa Filin Kamfani, ɗaya na bin ɗaya, yara a kujerar baya suna ɗaga musu hannu.